Me Ya Sa Wata Waƙa Ba Ta Gundura?

A 2020 yaranmu na Kanya Babba suka haddace "Jaruma" ta Hamisu Breaker nan da nan, alhali lissafin sau bakwai ya gagare su.

Ashe dabarar tsohuwa ce. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan jefa magana, 'yan amshi su maido amshi ɗaya bisa kalangu, har mai sauraro ya tsinci bakinsa a ciki. Ɗan Maraya Jos kuwa, tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, amma ya waƙe karen mota, wanda kowa ya sani a tasha. Kunne yana son abin da zai dawo, muddin kowane baiti ya kawo sabuwar magana.

Yanzu da amshi muke koyar da sau bakwai.