Ko Kun Sani? Ƙwaryar Goro Ƙidaya Ce

Ko kun san cewa ƙwarya ɗaya ta goro na nufin goro 100 cif? Idan waliyyin ango a Kurmin Kogi ya ce a kawo ƙwarya uku don ɗaurin aure, goro 300 ke nan, a haɗa da alawa a raba wa jama'a. Dattawa kan ƙara ƙwarya guda saboda baƙin Ikara, Makarfi da Kudan, kada wani ya tashi hannu rabbana. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A da, fatake sun daɗe suna ɗauko shi daga Gwanja cikin huhu, a naɗe da ganye don kada ya bushe. Tsadarsa ce ta sa ake ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya.