Ƙurar nano a wurin aiki: yadda ake haifar da ita da yadda ake auna ta

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar takarda za mu yi bayani a kan wata irin ƙura da ido ba ya gani, wato ƙwayoyin da girmansu bai wuce nanomita 100 ba. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Ana samun waɗannan ƙwayoyi cikin hayaƙin walda da na injin gazuwal, kuma saboda ƙanƙantarsu suna kutsawa har ƙuryar huhu. Cibiyar binciken cutar sankara ta duniya da ke Liyon ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa sankara a 2012, na walda kuma a 2017. Ke nan maganar ta shafi mai walda na Maraɗi kamar yadda ta shafi ma'aikacin masana'anta a Turai.

2. Me ya sa awon nauyi bai isa ba

A al'ada ana zuƙo iska ta cikin matata, sannan a auna nauyin abin da ya maƙale. To, mu ɗauki ƙwaya ɗaya mai nanomita 1000, mu farfasa ta zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10. Za mu samu ƙwaya miliyan ɗaya. Nauyi bai sake ba, amma faɗin jikinsu da zai taɓa huhu ya ninka sau 100. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar NIOSH ta Amurka, a 2011, ta ba da shawarar iyaka biyu ga ƙurar farin sinadarin titaniyom: miligram 2,4 cikin kubik mita na iska ga ƙura mai laushi, da miligram 0,3 kawai ga ta nano. Saboda haka dole a ƙidaya ƙwayoyin, a kuma san girmansu.

3. Haifar da ƙurar a ɗakin bincike

Ba za mu amince da ma'auni ba sai mun gwada shi da abin da muka riga muka sani. Shi ya sa masu bincike ke haifar da ƙurar da kansu. Hanya ɗaya ita ce a fesa ruwan gishiri: ruwan ya bushe, ya bar ƴan ƙwayoyin gishiri a iska. Hanya ta biyu, a sa tartsatsin lantarki tsakanin sanda biyu na ƙarfe ko na gawayin girafit cikin iskar argon: bakin sandunan ya zama tururi, tururin ya huce ya dunƙule. Da wannan hanya ta biyu cibiyar INRS ta Faransa ta yi teburin gwajinta mai suna CAIMAN. Babbar wahala ita ce, in ƙwayoyin sun yi yawa sai su manne wa juna nan da nan. Don haka ake sirka su da tsabtatacciyar iska.

4. Ƙidaya da tantance girma

Haske ba ya iya nuna ƙwaya mai ƙanƙanta haka. Dabarar ita ce a bi da ita cikin tururin barasar butanol, a sanyaya, tururin ya taru a kanta kamar raɓa har ta yi girman da hasken leza zai gani. Asalin dabarar na John Aitken ne, mutumin Sikotilan, tun 1888. Wajen girma kuwa, ana ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, a bi da su tsakanin ƙarafa biyu masu wuta. Ƙanana sun fi saurin karkata, da haka ake ware su aji-aji kafin a ƙidaya.

5. Kammalawa

A wurin aiki, iska tana ɗauke da ƙurar titi da hayaƙin babura, na'ura kuwa ba ta bambanta su da ƙurar sana'a. Muna ba da shawara a yi awo kafin a fara aiki, a sake yi ana cikin aiki, kusa da hancin ma'aikaci, sannan a kwatanta biyun.