Abin da haruffan Latin ke faɗa a kan tsofaffin tsabar azurfar Ingila

Masu tara tsofaffin kuɗin Ingila sukan fara da karanta 'yan haruffan Latin da suka kewaye hoton sarki kafin su yi maganar farashi. Haruffan ne ke nuna zamanin da aka buga tsabar, kuma da su ake gane ta gaske da jabu.

Al'adar ta daɗe. Tun zamanin Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ake buga kwabon azurfa ɗauke da sunan sarki da kalmar REX, wato sarki. Idan mace ce kan gadon mulki, sai a rubuta REGINA.

Haruffan D.G. taƙaitawa ce ta DEI GRATIA, ma'ana "da yardar Allah". A 1849 an fitar da fataka mai hoton Sarauniya Victoria babu waɗannan haruffa. Jama'a suka yi ca, suka laƙaba mata suna "marar Allah", har aka sake fasalinta. Yau masu tarawa na nemanta saboda wannan giɓin.

F.D. ko FID DEF kuwa na nufin "mai kare addini", laƙabin da Fafaroma Leo X ya ba Sarki Henry VIII a 1521. Shi kuma FR ko FRA, alama ce ta iƙirarin da sarakunan Ingila suka riƙa yi na sarautar Faransa, wanda ba su janye ba sai 1801.

Shekarar bugu ma tana da tasiri a aljihun mai saye. Kafin 1920, kashi 92.5 cikin ɗari na sulen Ingila azurfa ne. Daga nan aka rage zuwa kashi 50, sannan a 1947 aka daina saka azurfa a kuɗin hada-hadar yau da kullum.

Saboda haka, idan laƙabin da ke jikin tsaba bai dace da shekarar da aka rubuta mata ba, a yi hattara. Wanda kuma ya gaji irinta a akwatin kakanni, kada ya goge ta don ta yi ƙyalli. Gugar kan cinye haruffan, darajar tsabar ta bi su.