Labarin Likitoci Biyu Da Mabuɗin Ɗakin Littattafai

A birnin Baltimore na ƙasar Amurka, kan wata hanya da ake kira West Franklin, an yi waɗansu gidaje biyu da ke jikin juna. Na farko na wani babban likita ne mai suna William Osler. Na biyun kuwa waɗansu samarin likitoci uku ne suka zauna cikinsa daga shekarar 1901, ɗayansu ana ce da shi Harvey Cushing. Osler ya ba kowannensu mabuɗin gidansa domin su riƙa shiga ɗakin littattafansa sa'ad da suka ga dama. Da wannan mabuɗi abota ta ƙullu tsakaninsa da Cushing, ba ta kuwa yanke ba har bayan ransu.

An haifi Osler a ƙasar Kanada cikin 1849, Cushing kuwa a birnin Cleveland na Amurka cikin 1869, watau akwai ratar shekara 20 tsakaninsu. Asibitin Johns Hopkins ya gama su. Osler shi ne shugaban likitocin da ke duba marasa lafiya tun buɗewar asibitin a 1889, Cushing ya zo a 1896 domin koyon fiɗa, daga baya ya shahara wajen fiɗar ƙwaƙwalwa. Halinsu ma ba ɗaya ba ne. Osler mutum ne mai fara'a da barkwanci, shi kuwa Cushing mai zafi ne, ba ya ɗaukar sakaci a wurin aiki. Abin da ya haɗa zukatansu shi ne son tsofaffin littattafai da tarihin magabatan sana'arsu.

A ganin Osler, likitan da bai san inda iliminsa ya fito ba, bai gama koyo ba. Saboda haka ya yi ta sayen littattafan mutanen dā, na Yunanawa, da na Turawa, da na Larabci. A 1912 ya sami wani rubutun hannu na littafin tsirrai na al-Gafiƙi, malamin Andalus, wanda aka kwafa tun 1256. Ya girmama Ibn Sina ƙwarai, har ya yi ƙoƙarin a tara kuɗi a gyara kabarinsa da ke Hamadan ta ƙasar Farisa.

Shi kuwa Cushing, malamin da ya kama zuciyarsa shi ne Andreas Vesalius, mutumin Brussels, wanda ya koyar a Padua ta ƙasar Italiya. Kafin zamaninsa likitoci suna bin maganar Jalinusu a kan ƙirar jikin mutum, alhali kuwa yawancin abin da Jalinusu ya gani a jikin dabbobi ya gan shi. Vesalius ya feɗe gawa da hannunsa, ya gyara kurakurai masu yawa, aka buga littafinsa mai zane-zane a birnin Basel cikin 1543. Cushing ya shiga neman wannan littafi da duk abin da ya danganci mai shi, bai fasa ba har ƙarshen ransa.

A 1905 Osler ya ƙaura zuwa Jami'ar Oxford a Ingila, Cushing kuma ya koma Boston a 1912. Teku ta shiga tsakani, amma wasiƙu ba su yanke ba, wannan yana ba wancan labarin littafin da ya gani a wurin dillalai.

Sa'an nan babban yaƙin duniya na fari ya zo da jarrabawa. Osler yana da ɗa guda tilo da ya rayu, sunansa Revere, wanda Cushing ya sani tun yana ƙaramin yaro a maƙwabta. Yaron ya shiga sojan Ingila. A ƙarshen watan Agusta na 1917, kusa da garin Ypres a ƙasar Beljiyam, ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a ƙirji da ciki da cinya. Cushing yana aiki a wani asibitin soja da ba shi da nisa. Saƙo ya iske shi da dare, ya shiga mota cikin ruwan sama ya tafi. Aka yi wa yaron ƙarin jini, waɗansu likitoci suka yi masa fiɗa, Cushing yana tsaye wurinsa. Duk da haka da safiyar ran 30 ga watan ya cika, yana da shekara 21. Cushing ya tsaya har aka binne shi. Iyayen suka sami ɗan sanyi da jin cewa ɗansu bai mutu cikin baƙi kaɗai ba.

Osler bai daɗe bayan ɗansa ba, ya rasu ran 29 ga Disamba, 1919. Matarsa Grace ta roƙi Cushing ya rubuta tarihin mijinta. Cushing yana da marasa lafiya da ɗalibai suna jiransa kullum, amma ya karɓi amanar. Ya tara wasiƙu daga ko'ina, ya shekara wajen biyar yana aikin. Littafin ya fito a 1925, juzu'i biyu, shafi kusan 1,400, ya kuma sami kyautar Pulitzer a 1926.

Littattafan Osler, kimanin 8,000, wasiyya ya yi a kai su Jami'ar McGill da ke Montreal, inda ya yi karatun likita. An buɗe ɗakinsu a 1929. Cushing ya ɗauki wannan darasi. Da ya koma Jami'ar Yale a 1933, sai ya shawo kan abokansa biyu, Arnold Klebs mutumin Suwizalan da John Fulton, su uku su gama littattafansu wuri guda su bar wa ɗalibai. Ya rasu ran 7 ga Oktoba, 1939, bai ga ginin ba, aka buɗe shi a 1941. Littafinsa a kan Vesalius abokansa suka ƙarasa, ya fito a 1943, shekara 400 daidai bayan bugun Basel. Fulton kuma ya rubuta tarihin Cushing a 1946, kamar yadda Cushing ya yi wa Osler.

Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da Osler ya kulle ɗakinsa ya hana maƙwabta, da mai yiwuwa littattafan sun watse a kasuwa bayansa. Ya miƙa mabuɗi ga yaro, yaron ya tsaya wa ɗansa ranar wuya, ya kuma tsare sunansa. Ɗakunan littattafan nan biyu suna nan har yau a Montreal da New Haven, masu neman ilimi suna shiga suna karatu.