Duwatsun Ahaggar: Halayen Masu Hawa da Haƙƙin Masu Ƙasa

Bahaushen da ya san Tamanrasset ya fi saninta ta hanyar Agadez, Arlit, Assamaka da In Gezzam. Garin ci-rani ne a wurinsa, garin kasuwar Assihar da manyan motocin kaya. Amma akwai wasu baƙin da ba kasuwa ke kawo su ba. Duwatsun da ke arewacin garin suke nufa, kuma shekara casa'in ke nan suna zuwa da igiyoyi da ƙarafa don su hau su.

Tsaunukan Atakor, a tsakiyar yankin Ahaggar, ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne. Iska da ruwa sun cinye gefensu, suka bar zuciyar a tsaye kamar rumbuna: Iharen dab da gari, Ilaman, Sawinan, da tagwayen Tezuyag da ake hangowa daga tudun Assekrem. Tahat ya fi su duka, mita 2,908, kuma babu tsaunin da ya kai shi a Aljeriya. A 1935 ayarin Faransawa ƙarƙashin Kyaftin Raymond Coche, tare da Roger Frison-Roche, suka hau Garet el Djenoun a tsaunukan Tefedest. Littafin Frison-Roche na 1936, L'Appel du Hoggar, ya yayata sunan wurin a Turai.

Mahayan farko sun zo da ɗabi'ar da yanayin wurin ya tilasta musu. Mutum biyu ne kan igiya ɗaya. Na gaba yana hawa yana maƙala ƙarfe a tsagar dutse don ya tare shi in ya zame, na baya yana sakar masa igiya sannu a hankali, idonsa a sama, sannan ya biyo yana zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Ba asibiti kusa, ba masu ceto da za a kira su zo nan take. Wanda ya san haka ba ya gaggawa, ba ya raina abokin igiyarsa, kuma ba ya musu da jagoran da ya san inda ruwa yake. Ladabinsu rabinsa tarbiyya ne, rabinsa tsoro.

Sai zaren ya tsinke. Rikicin Aljeriya na shekarun 1990 ya kori baƙi. An fara dawowa ke nan, a 2003 ƙungiyar 'yan bindiga ta GSPC ta sace Turawa 32 masu yawon buɗe ido a kudancin ƙasar. Harin da 'yan bindiga suka kai In Amenas a Janairun 2013 ya ƙara rufe ƙofa. Tun daga 2003 hukuma ta tsaurara doka, baƙo ba ya shiga hamada sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi, da jagora ɗan ƙasa. Daga farkon 2023 aka sauƙaƙa bizar masu zuwa kudu, ana ba su ita a filin jirgi, ko da yake sace wani ɗan Sifen a yankin Tamanrasset a Janairun 2025 ya nuna tsaron bai gama zama ba.

A tsawon wannan lokacin wasan kansa ya canja kama. Yawancin matasan mahaya a yau a bangon atisaye na cikin ɗaki suka koya, inda komai a shirye yake, kuma hawan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021. Irin wannan matashi yana da ƙarfin yatsu fiye da magabatansa, amma bai tashi a hannun dattijon da zai koya masa zaman daji ba. Ga kuma waya: hoton faɗuwar rana a Assekrem ya isa ya sa mutum yanke tikiti. Gaskiya cunkoson Ahaggar bai kama ƙafar na mashahuran duwatsun Faransa ko Sifen ba. Sai dai lokacin hawa gajere ne, daga Oktoba zuwa Afrilu, kowa kuma duwatsun da mota ke kaiwa gindinsu yake so. A ƙarshen shekara 'yan arewacin Aljeriya su ma sukan yi dafifi a hanyar Assekrem, mai nisan kusan kilomita 80 daga gari.

Inda aka taru, hali ke fitowa. Ayarin da ke sama in ya yi sakaci ya tunkuɗo tsakuwa, kan na ƙasa za ta sauka, don haka jira da tambayar wa ya riga zuwa ba ƙaramin abu ba ne. Gardamar da ta fi zafi kuwa ta ƙusa ce. Wasu suna huda dutse da injin batir su dasa ƙusoshi na dindindin, suna cewa rai ya fi komai, kuma ta haka ne masu koyo, har da 'yan ƙasa, za su samu shiga. Wasu suna ganin wanda bai iya hawa ba tare da huda ba, ya haƙura ya bar wa wanda zai iya. Tsohuwar rigima ce a duniya: ƙusoshin da Cesare Maestri ya dasa a Cerro Torre na Patagoniya a 1970, wasu matasa biyu suka tumɓuke da yawansu a 2012, aka yi ta cacar baki. A ganina kowane ɓangare yana da hujja, amma dukansu sun manta da tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa aka nemi izininsa.

Domin duwatsun nan suna da masu su. Abzinawan Kel Ahaggar, musamman Dag Ghali da ke zaune a ƙauyuka irin su Terhenanet, a nan suke kiwon awaki da raƙuma. Garet el Djenoun wuri ne da Abzinawa suka daɗe suna kauce masa saboda imanin cewa mazaunin aljanu ne. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ya san matsayin Dala a tarihin Kano, da Kufena a Zariya, da dutsen Kwatarkwashi inda a da samari kan hau kamun maiki a bikin gargajiya. Ko mutum bai yarda da wani imani ba, ba shi da hurumin taka shi a gidan masu shi. A Ostireliya sai da aka hana hawan Uluru gaba ɗaya a Oktoban 2019, bayan shekaru ana roƙon baƙi su daina ba su ji ba.

Sannan hamada ba ta haɗiye ƙazanta da wuri. Takarda da leda da gwangwanin da aka tura ƙarƙashin dutse za su shekara suna nan, saboda babu damshin da zai ruɓar da su. Da daddare sanyin Atakor kan kai ruwa ya daskare, kowane zango kuma yana son wuta. Jagora zai kwaɓa gari, ya buɗe garwashi, ya binne gurasar da suke kira tagella cikin yashi mai zafi, ya tono ta ya kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miya, shayi kuma ya biyo baya har zagaye uku. Abin sha'awa ne, amma itacen daga bishiyoyin da ke ɗaukar shekaru kafin su girma yake fitowa. Haka geltoci, wato ruwan da ke kwanciya a kwarmin dutse, irin na Afilal: wanda ya yi wanka da sabulu a ciki ya ɓata abin shan makiyayi da dabbarsa da ragon dutse.

Dokar jagora, wadda tsaro ya haifa, ta yi wani amfanin da ba a zata ba. Baƙo ba ya zama shi kaɗai, akwai idon ɗan gida a kansa, kuɗi kuma yana shiga aljihun direbobi da masu girki da masu raƙuma na Tamanrasset. Abin da ya rage shi ne, galibi ɗan gida a gindin dutse yake tsayawa yana gadin kaya, baƙo ne ke hawa, ya raɗa wa hanyar suna da harshensa, ya rubuta ta a littafi. Wanda abincinsa ke hannun baƙo kuwa da wuya ya tsawata masa.

An ayyana Ahaggar a matsayin yankin da doka ta kare tun 1987, kuma akwai hukumar da ke kula da shi. Ya kamata wannan hukuma ta zauna da dattawan Kel Ahaggar da kamfanonin garin da ƙungiyoyin mahaya na Aljeriya tun mutane ba su yi yawa ba, a fayyace dutsen da za a huda da wanda ba za a taɓa ba, a wajabta dafa abinci da gas da komawa gari da shara, a kuma horar da samarin Abzinawa su riƙe igiya da kansu, su zama su ne a gaba.