Kafin malami ya zaɓi manhajar zanen bayani: abin da ajin Mai'adua ke buƙata

A makarantun Ƙaramar Hukumar Mai'adua, kamar sauran sassan masarautar Daura, allo da alli ne har yanzu ginshiƙin koyarwa. Sai dai wayar hannu ta shiga aljihun malamai, kuma da ita wani sabon abu ya shigo, wato zanen bayani, wanda Turawa ke kira infogirafik. Shafi guda ne da ke haɗa hoto da alƙaluma da gajerun kalmomi, ta yadda ɗalibi zai gane darasi da kallo ɗaya. Malamin tarihi zai iya jera Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram a taswira guda. Malamin lissafi kuwa zai iya nuna hawa da saukar farashin rago a kasuwar dabbobi ta Mai'adua daga wata zuwa wata, abin da yaran garin suka sani tun daga gida.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1858 ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta yi amfani da zane wajen nuna wa hukumomin Ingila cewa cututtuka sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji a yaƙin Kirimiya. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai manhajoji a intanet da ke yin aikin cikin mintuna. Tambayar ita ce wacce malami zai ɗauka, domin kuskuren zaɓi na cinye data da lokaci daga albashin da dama bai isa ba.

Manhajojin da ke kasuwa

Wadda ta fi shahara ita ce Canva, da aka ƙaddamar a ƙasar Ostiraliya a 2013. Tana aiki a waya, tana da dubban samfura da aka riga aka tsara, kuma tana da wani sashe na kyauta ga malaman firamare da sakandare da suka gabatar da shaidar cewa suna koyarwa. Akwai Piktochart daga Malesiya da Venngage daga Kanada, waɗanda suka fi ƙarfi wajen jadawalin alƙaluma amma sun fi daɗin aiki a kwamfuta. Akwai kuma Adobe Express. Sannan ga tsofaffin hannu biyu da mutane ke mantawa da su, PowerPoint da Google Slides, waɗanda su ma ake iya tsara shafi a cikinsu a fitar da shi a matsayin hoto ko PDF.

An ƙera yawancin waɗannan manhajoji ne da tunanin ajin da ke da wutar lantarki da majigi da intanet mai ƙarfi. Saboda haka tallar da kamfani ya yi ba za ta amsa tambayar malamin da ke Mai'adua ba. Shi ne zai gwada da kansa, kuma gwajin bai wuce abubuwa huɗu ba.

Gwajin haruffa masu lanƙwasa

Na farko, kuma wanda aka fi sakaci da shi, shi ne rubutun Hausa. Salon rubutu da yawa a cikin waɗannan manhajoji ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan aka rubuta su, ko dai su fito kamar ƙaramin akwati, ko su fito da wata siffa dabam da sauran haruffa. Malamin da ya gaji sai ya cire lanƙwasar, nan take ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki, ƙaya ta koma kaya. Ga yaron da ke koyon karatu, wannan koya masa kuskure ne da hannun malaminsa.

Maganin yana da sauƙi. Kafin a fara aiki, a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan duka, manya da ƙanana, a sauke hoton a duba. Salon Noto Sans na Google da Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, suna ɗauke da su. Allon rubutu na Gboard kuma yana da Hausa. Manhajar da ta faɗi wannan gwaji ba ta dace da darasin Hausa ba, komai kyawunta.

Data, wuta da dala

Na biyu shi ne kuɗi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Manhajojin da ke zaune a intanet na jan data duk lokacin da aka buɗe samfuri, kuma idan sabis ya yanke aiki na iya tsayawa. A nan PowerPoint ke da fifiko, domin ana iya aiki da ita ba tare da intanet ba. Google Slides ma tana yin haka idan an saita ta tun farko.

Akwai kuma tarkon kyauta. A Canva, duk hoton da ke da alamar kambi na masu biya ne. Wasu manhajojin kuma na barin mutum ya gama zane, sai ya zo saukewa a nemi kuɗi ko a manna masa tambarin kamfani. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, rajistar wata-wata da aka ƙiyasta da dala ta zama nauyi. Dabarar ita ce a yi ƙaramin zane na gwaji a sauke shi, kafin a ɓata awa biyu kan na gaske.

Ina zanen zai ƙare?

Na uku shi ne makomar zanen. A yawancin makarantu ba majigi zai nuna shi ba. Ko dai a kai shi shagon kwamfuta a buga a takardar A4 da baƙin tawada, ko a tura shi ta WhatsApp, ko malami ya kwafe shi a allo. Ja da kore na iya zama toka iri ɗaya a fotokwafi, don haka gara a bambance sassa da ɗigo-ɗigo ko layuka, a kuma rubuta suna a jikin kowanne. Ƙananan haruffa ba sa karantuwa daga bencin baya, kuma WhatsApp na rage ingancin hoto sai an tura shi a matsayin fayil. Manhajar da ke ba da PDF mai girman A4 kyauta ta fi wadda ke da ado dubu.

Na huɗu shi ne amanar yara. Jadawalin sakamakon jarrabawa mai ɗauke da sunaye ko hotunan ɗalibai, idan aka ɗora shi a manhaja, ya tafi rumbun kamfanin da ke wata ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi neman izinin iyaye kafin sarrafa bayanan yara. Alƙaluman aji gaba ɗaya ba tare da suna ba sun wadatar.

Idan aka haɗa gwaje-gwajen nan, malamin da waya kaɗai gare shi zai fi samun sauƙi da Canva, musamman idan ya yi rajistar malamai ya kuma zaɓi salon rubutun da ya san Hausa. Wanda ke da kwamfuta amma sabis ɗinsa ba tabbas, PowerPoint ta ishe shi. Malaman makaranta ɗaya kuma za su iya raba aikin: kowa ya tsara shafi ɗaya a fanninsa kowane zango, a buga, a liƙa a kwali, a ajiye a ofishin hedimasta don masu zuwa baya su samu.