Libvirt

Libvirt manhaja ce ta kyauta, wadda kowa ke iya duba rubutunta, da ake sarrafa kwamfutocin kwaikwayo da ita, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin wata kwamfuta ta zahiri. Kamfanin Red Hat ya fara aikinta a shekarar 2005, kuma an rubuta ta da harshen C. Tana aiki da KVM, QEMU, Xen da LXC. Manhajoji irin su virt-manager, virsh da OpenStack ta hannunta suke kunna waɗannan kwamfutoci ko kashe su.

Faɗuwa yayin tashi

Babban ɓangaren libvirt shiri ne mai suna libvirtd da ke aiki a bayan fage. Daga siga ta 5.7.0 ta shekarar 2019 an fara rarraba aikinsa zuwa ƙananan shirye-shirye kamar virtqemud. Duk lokacin da shirin zai tashi, sai ya karanta fayilolin XML da ke bayyana kowace kwamfuta, sannan ya sake haɗuwa da waɗanda ya bari suna aiki.

A nan ne matsala ke yawan ɓullowa bayan an yi wa manhajar gyara. Sabon rubutu yana iya zaton cewa wani bayani yana cikin kowane fayil, alhali tsofaffin fayiloli ba su da shi. Idan ya je ɗauko abin da babu, sai tsarin Linux ya dakatar da shi da siginar SIGSEGV. Kwamfutocin QEMU kan ci gaba da aiki ko da libvirtd ya faɗi, domin kowace tana gudana da kanta, sai dai mai kula da sabar ba zai iya sarrafa su ta virsh ba har sai an gyara.

Gano tushen matsala

Ana farawa da duba bayanan da systemd ya adana ta hanyar journalctl. Idan ba su wadatar ba, sai a kunna shirin a cikin gdb, wanda umarninsa na bt ke jero matakan da aka bi har zuwa layin da ya faɗi. Amma layin da shiri ya faɗi ba lallai ne shi ne mai laifin ba. Sau da yawa ɓarnar ta faru tun can baya.

Shi ya sa ake amfani da git bisect. Ana nuna masa sigar da ke aiki da wadda ta lalace, shi kuma ya zaɓi gyaran da ke tsakiya a gwada, ya zubar da rabin da ba shi da laifi, ya sake rabawa. Cikin gyare-gyare 1,000, gwaji kamar 10 ya isa. Umarnin git bisect run yana yin gwajin da kansa, kuma idan wata siga ta ƙi haɗuwa, lambar fita 125 tana sa a tsallake ta.

Wannan hanya ba ta da amfani idan aka yi gwajin a sabuwar kwamfuta da babu tsofaffin fayiloli a cikinta, domin a can shirin zai tashi lafiya ƙalau. Dole a kwafo fayilolin /etc/libvirt/qemu na sabar da abin ya faru, a mayar da su yadda suke kafin kowane gwaji.